Mai Jego, Kada Ki Yi Gaba da Kwanonki

Ba a daɗe da barin zamanin da idan mace ta gama wankan jego ta koma ɗakinta a rame, gidan iyayenta ake zargi ba. A Ikara, ko Paki, ko Gimi, ko Hunƙuyi, uwa takan yi alfahari idan 'yarta ta fito daga arba'in ta yi ɓul-ɓul, kumatu sun ciko, fata tana sheƙi, domin hakan shaida ce ta cewa an riƙe ta da kyau, an yi mata ƙauri, tukunyar kunu ba ta huta ba. Yau kuwa sai ka ga yarinya kwance da jaririn kwana goma a gefenta, waya a hannu, tana kallon wata a TikTok da ke cewa wata guda ke nan da haihuwarta amma ciki ya lafe, a ƙasan hoton kuma ga lambar da za a kira a sayi shayin rage tumbi. Daga nan sai ta fara ture kwanon tuwo, ta ce ta ƙoshi. Ke ƙanwata da kike cikin wannan hali, ko kike dab da shiga, nasihata gare ki guda ce: ƙibar da ta rage a jikinki bayan haihuwa guzurin ɗanki ce, an tanade ta ne don a kashe ta a hankali ta hanyar nono, kuma duk dabarar da za ta zubar da ita da gaggawa daga jininki da ƙarfinki za ta cire kuɗinta.

Mu fara da sanin mene ne ma wannan nauyin. Macen da ta ɗauki ciki jikinta daidai, likitoci suna sa ran ta ƙara tsakanin kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta sauka. Mafi yawan wannan ba kitse ba ne. Akwai jaririn kansa mai kimanin kilo 3, akwai mabiyiya, akwai ruwan da yake kwance a ciki, akwai jinin uwa da ke ƙaruwa da kusan rabi, ga mama da suka cika, ga mahaifa da ta buɗe har ta kai nauyin kusan kilo guda. A ranar haihuwa kaɗai mace takan sauke kilo 5 zuwa 6. A makon farko ruwan da jiki ya tara yana fita ta fitsari da gumi, shi ya sa mai jego take tashi cikin dare ta tarar da zanenta a jiƙe. Mahaifa kuma tana ɗaukar kimanin mako shida kafin ta tsuke ta koma ƙasa da giram 100, wato dai kwana arba'in ɗin nan da kakanninmu suka ƙidaya tun ba su san sikeli ba. Saboda haka tumbin da kike gani a kwana na goma, kina ɓata rai, mafi yawansa mahaifa ce da ba ta gama komawa ba da fatar da ta saki, kuma yunwa ba ta da abin da za ta yi musu. Abin da ke saura bayan an cire duk waɗannan shi ne kitse na 'yan kilo kaɗan, galibi a cinya da ƙugu, kuma a kansa ne maganarmu take.

Wannan kitsen ba kuskuren jiki ba ne. Mace mai shayar da nono zalla tana samar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita, ko sama da haka kaɗan, a kowace rana. A rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2004 kan ƙarfin da jikin ɗan Adam ke buƙata, an ƙiyasta cewa haɗa wannan nono yana cin kalori 675 kullum a wata shidan farko. Daga ciki, macen da ta samu abinci sosai lokacin goyon ciki za ta samo kimanin 505 daga ƙarin abin da take ci, wato kamar ƙarin matsakaicin kwanon shinkafa da wake guda, sauran 170 kuma jiki zai ɗebo daga kitsen da ya ajiye. Da wannan lissafi, mace tana ci tana ƙoshi, za ta riƙa sauke kimanin giram 800 a wata ba tare da ta yi wani yunƙuri ba. Ita kuwa wadda ta shiga jego a rame, rahoton ya ce duka 675 ɗin daga kwano ya kamata su fito, don ba ta da ajiyar da za a taɓa. Manomin Kudan da ya cika rumbu da kaka ba ya tashi ya sayar da hatsin a mako guda don rumbun ya tare masa tsakar gida. Yana ɗiba ne tiya-tiya har damina ta kawo sabo. Haka jikinki ya tsara, kuma wata tara ya ɗauka yana tarawa.

To me ke faruwa idan uwa ta ƙi ci? A nan ne mata da yawa suke ruɗuwa, domin nono ba ya ƙafewa nan take, sai su ɗauka ba abin da ya lalace. Binciken da masana suka shafe shekaru suna yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya ya nuna cewa jikin uwa yana dagewa wajen samar da nono ko da abincinta ya yi ƙaranci. Ma'anar wannan ita ce jiki yana fifita jariri, ya ɗebo daga tsokar uwa da ƙashinta ya zuba a nono. Ko macen da ke ci sosai, ƙashinta yana ɗan rage ƙarfi lokacin shayarwa kafin ya maido bayan yaye, balle wadda ta ɗora wa kanta yunwa. Kuma ba komai ne jiki ke iya rufewa ba: bitamin A, da wasu daga cikin bitamin B, da sinadarin aidin, yawansu a nono yana bin abin da uwa ta ci ne, idan ta rasa yaro ma ya rasa. Ki haɗa wannan da halin da matanmu suke ciki tun kafin su yi tunanin rage ƙiba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma a Arewa maso Yamma kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A gidajenmu uwa ce ta ƙarshe a kan tukunya, bayan an zuba wa maigida da baƙi da yara. Ƙwan da kazarta ta yi kasuwa yake tafiya, waken soyan da aka noma a bayan gida dillali yake ɗauka, awarar da ta soya da hannunta ta talla ce. Macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, take ganin jiri idan ta miƙe, cikin idonta fari fat, idan aka ce mata ta rage ci an cuce ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ake tallatawa su ne suka fi ba ni tsoro. Da yawa daga cikin irin wannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa aka naɗe a kwali mai kyau, aikinsa kawai ya sa gudawa. Wasu kuma masu sa yawan fitsari ne. Mace ta sha, ta kwana tana zarya bayan gida, da safe ta hau sikeli ta ga kilo guda ya tafi, ta yi murna. Abin da ya tafi ruwa ne da gishirin jiki, kitsen yana nan inda yake, kuma ruwan zai dawo da zarar ta sha. Alhali nono kansa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, ga zafin bazara irin na watan Afrilu. Mafi muni shi ne abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Akwai maganin rage ƙiba mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan da aka ce tsantsar ganye ne. Mai sayar miki a waya ba ta san abin da ke ciki ba, ita ma saro shi ta yi. Abin dariya, abin takaici, a kasuwa guda ake sayar da wannan da kuma sha-ka-fashe na masu neman ƙiba, wani lokacin ma a tebur guda, wanda ya isa ya nuna miki cewa ba lafiyarki ce ta dami mai tebur ba.

Na san za a ce da ni: ai ƙiba ma ciwo ce, kana hana mata kula da kansu. Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan yi mata kwana ba. Binciken nan na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan ƙasar nan nauyinsu ya wuce ƙima, kuma macen da kowace haihuwa ta bar mata kilo huɗu ko biyar, bayan haihuwa shida ta tara abin da zai jawo mata hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar sakatariya da ke yini a zaune, da matar da ke cikin kulle ga injin niƙa ga famfo a tsakar gida, ba lissafinsu ɗaya da wadda ke surfe da daka da tsinkar barkono a fadama ba. Ga irin waɗannan akwai hujja mai kwantar da hankali. A shekarar 2000 wata masaniya a Amurka, Cheryl Lovelady, da abokan aikinta sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mata masu ƙiba da ke shayar da nono zalla. Bayan mako huɗu da haihuwa aka rage wa wasunsu kalori 500 a rana, aka haɗa musu da motsa jiki kwana huɗu a mako, har mako goma. Sun riƙa sauke kimanin rabin kilo a mako, jariransu kuma sun girma daidai da na waɗanda ba a rage wa abinci ba. Amma ki lura da sharuɗɗan. Matan masu ƙiba ne tun asali, abincinsu wadatacce ne, an jira nono ya zauna kafin a fara, kuma kimanin rabin kilo kawai suke saukewa a mako. Ni a ganina, a wurinmu da ƙarancin jini ya yi yawa, mace ta bari sai ta gama arba'in, ta je asibiti an duba jininta da hawan jininta, sannan ta fara. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗan kuwa, sai da izinin likitanta.

Idan lokacin ya yi, abin da za a rage a bayyane yake, kuma ba tuwo ne a sahun gaba ba. Zaƙi ne da mai. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari sama da giram 50, kusan ƙaramin cokali goma sha uku, kuma mai jego ta zamani katan-katan ake kawo mata na lemo da maltina a matsayin barka, ta riƙa sha da sunan yana kawo nono. Ga shayi mai kauri safe da dare, madara da sukari har cokali ya tsaya. Mu da muke ƙasar rake ba sai an gaya mana daɗin mazarƙwaila ba, amma ita ma sukari ce, zamanta ta gargajiya bai canza ta ba. Gara ma ki sha raken kansa gaɓa biyu ko uku, don kafin ki tauna ki tsotse kin gaji. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, don haka miyar da mai ke iyo a kanta, da soye-soyen yamma, da cincin ɗin suna da aka ajiye a bokiti ana ɗiba har wata biyu, su ne wurin da rabin kilon nan yake ɓoye. Ki rage su, ki cika gurbinsu da abin da ƙasarmu take da shi a arha: wake, awara, gyaɗa, ƙwai, nono da kindirmo, hanta idan ta samu, kifi ko busasshe ne, kwaɗon zogale da na rama, faten tsaki da aka cika wa ganye, tumatir ɗin da har ruɓewa yake yi a gonakin Ikara lokacin da ya yi yawa. Ki ci sau uku, kada ki tsallake karin kumallo, ki ajiye kofin ruwa kusa da inda kike ba da nono, ki ci gaba da shan maganin ƙarin jinin da aka ba ki a wurin awo. Azumin nafila da sunan lada alhali niyyar ramewa ce, ki bar shi. Shari'ar da ta yi wa mai shayarwa rangwame a azumin farilla idan ta ji wa ɗanta tsoro ba ta buƙatar ki wahalar da shi a kan Litinin da Alhamis.

Daga ɗaya ɓangaren kuma iyayenmu mata za su ce: mun faɗa, a bar yarinya ta sha kunun kanwa ta yi wanka, haka muka yi muka rayu. Ina girmama hikimar arba'in, domin hutu ce, da ciyarwa, da ɗauke wa mai jego aiki, abin da matan ƙasashe masu arziki da yawa suke nema ba su samu ba. Amma kanwa gishiri ce mai yawan sodiyam, tana riƙe ruwa a jiki, tana kuma iya tayar da hawan jini. A nan kusa da mu, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bincikensu a 1978 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda a lokacin aka ƙiyasta yana samun kusan mace guda cikin kowace haihuwa ɗari a yankin, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Sun ɗora zargi a kan yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Daga baya wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020 kan mata sama da 400 masu wannan ciwo, bai samu alaƙa tsakaninsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da ya samu sun haɗa da hawan jinin ciki, da rashin karatu, da rama. Ki sake karanta kalmar ƙarshe: a cikin matanmu, rama tana daga cikin abin da ke tafiya tare da ciwon zuciyar jego. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya a kan kanwa, mai hawan jini ko kumburi ba ta da dalilin shanta, sauran kuma su sassauta hannu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki iya bambance ƙiba da kumburi. Ki danna babban yatsanki a kan ƙashin ƙwaurinki, ki ƙirga zuwa biyar, ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa ya zauna, ruwa ne. Idan ya haɗu da haki, da tarin dare, da kasa kwanciya sai an tara matashin kai, da zobe ya matse yatsa, ba shayi ko rage tuwo za a nema ba, mota za a nema zuwa babban asibitin Ikara ko na Makarfi, ko asibitin koyarwa da ke Shika, a ranar.

Shi tumbin kansa, ban da kitse, akwai tsokar ciki guda biyu da ke gangarowa daga ƙirji zuwa mara, waɗanda ciki yake raba su. Ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗaga kai, ki sa yatsu a saman cibiya. Mata da yawa za su ji rami a tsakani. Yawanci yana haɗewa da kansa cikin watanni. Ɗaurin ciki da zane yana ba da tallafi, mace ta ji daɗin tafiya, amma ba ya narkar da kitse, kuma idan aka tamke shi har numfashi ya yi wuya yana tura kayan ciki ƙasa, ya ƙara wa mai yoyon fitsari matsala. Abin da ke aiki ba shi da ban sha'awa: tafiyar minti ashirin zuwa talatin kullum ko da zagayen tsakar gida ne da goyo a baya, jan cibiya ciki a hankali yayin fitar da numfashi, da matse tsokar ƙasa kamar mai riƙe fitsari a saki, sau da yawa a yini.

Wata za ta ce ai ni wata biyar ina shayarwa, sikeli bai motsa ba. Gaskiya ne, jiki ba ɗaya ba, akwai matan da ba sa sauke sauran kilo biyu ko uku sai sun yaye, kuma rashin barci kansa yana ƙara kwaɗayin zaƙi. Hakan ba dalili ba ne na yaye yaro da wuri, ko fara ɗura masa koko da ruwa a wata biyu don a samu sararin rage ci. Nono zalla wata shida, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu, shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai, shekara biyun kuma ita ce aka ambata a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Gwamnatin Jihar Kaduna ma a 2019 ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida saboda wannan. Babban abin da ke hana jikin matanmu komawa daidai shi ne kwanika. Ciki a kan goyo ba ya barin mai ƙiba ta sauke, ba ya barin ramammiya ta murmure. Shawarar masana ita ce a samu aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, kuma shayarwa tana ba da kariya ne kawai idan yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi cikin ukun, sai a je asibiti a yi maganar tazara, ke da maigidanki.

Na bar maganar maigida a ƙarshe da gangan, domin na san mafi yawan 'yan matan da ke ƙin abinci ba hawan jini suke tsoro ba. Tsoronsu kalma guda ce da aka yar musu cikin raha, kin zama uwar mata, ko habaicin dangin miji, ko raɗe-raɗin cewa ana neman ƙari. Wannan tsoro ba shirme ba ne, kuma ba zan ce ki daina son ganin jikinki ya yi kyau ba, haƙƙinki ne. Sai dai mace mai jiri da ciwon kai, gashi yana zuba, yaro yana kwana kuka don bai ƙoshi ba, ba ta samu kyan da ta fita nema ba. Ku kuma ƙannena maza, angwayen ƙarni, ciyar da mai shayarwa wajibi ne a kanku, ba alfarma ba. Kuɗin katan ɗin lemo guda zai sayi ƙwai da wake da kifi na kwanaki. Ranar da za a kai yaro rigakafin mako shida, ka raka ta, ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta auna nauyin uwar da hawan jininta, ta duba ko jininta ya isa, kafin kowa a gidan ya sake buɗe baki a kan tumbinta.